Wadanne kalmomi zan fara rikewa? Tambayoyinku kan koyon harshen waje

Assalamu alaikum masu karatu. Sakonni uku ne suka hadu a kan magana daya wannan makon, shi yasa na jera su tare, na farkon ne zai fi cin fili don amsarsa ta shafi sauran.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da kokari. Ni dan kasuwa ne a Taminus nan Jos, kayan sola nake saidawa, fanel da batir da inbata da fitilu. Da can ta hannun wani nake saro kaya daga Legas amma yanzu inaso in fara zuwa Chaina da kaina in Allah ya yarda. Na sauke manhajar koyon Sinanci a waya, kullum bayan isha'i sai na zauna na yi, toh matsalar abun da take koya min ne, kare da kyanwa da tuffa da "yaro yana shan madara", wallahi na rike kalmomi da yawa amma ranar da wani dan Chaina ya kira ni a WeChat ko farashi na kasa tambaya. Dan Allah wadanne kalmomi ya kamata in sa a gaba, ko dai kaina ne baya ja?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kanka lafiyarsa lau. Mutumin da yake rike da farashin kowane kaya a shago da bashin da yake bin kowane kwastoma ba tare da ya bude littafi ba ai ba za a ce masa baya da rikewa ba. Abun da ya faru shine manhajar nan ba dominka aka yi ta ba, an yi ta ne don kowa da kowa, dan makaranta da mai yawon bude ido da tsohuwa mai neman abun debe kewa, sai ta dauko kalmomin da kowa zai iya gane hotonsu. Kai kuma bukatarka sananniya ce, ciniki zaka je yi.

Ga abun da nake so ka yi tun gobe. Ka ajiye dan littafi kusa da kai a shago, duk maganar da ta fita daga bakinka tsakaninka da kwastoma ko wanda kake saro kaya wurinsa, ka rubuta ta da Hausa yadda ka fade ta. Nawa ne, guda nawa ne a kwali, yayi tsada rage min, idan na dauki da yawa fa, wannan ba irin samfur din da ka nuna min bane, wat nawa ne, garantin shekara nawa, yaushe za a loda, kafin alkalami nawa zan bada, kudin dako wa zai biya. Kafin sati ya zagayo zaka ga maganganun basu da yawa, su ne dai suke ta maimaituwa. Wannan littafin shine manhajarka ta gaskiya. Zaben kalmomi kamar hada guzuri ne, sai ka san inda zaka da kwana nawa zaka yi sannan ka san me zaka sa a jaka.

A cikin duk wadannan, kirge ne farko, kuma ina rokonka kada ka yi masa rikon sakainar kashi domin a nan ake asarar kudi. Sinawa basa tsayawa a dubu kamar mu, suna da wata kalma daban ta dubu goma, wan, kuma da ita suke kirga manyan kudi. 35,000 a wurinsu wan uku ne da dubu biyar, 100,000 wan goma ne. Idan kunnenka bai saba ba sai ka ji goma ka dauka wani abu ne daban, ko ka kara sifili ko ka rage. Haka ragi, mu cewa muke an rage kashi ashirin, su abun da zaka biya suke fada, idan aka ce maka ba zhe, wato takwas, ana nufin ka biya kashi 80 cikin 100 na farashin. Kudinsu kuma yuan ne a rubuce amma a baki kuai zaka fi ji. Ka zauna da kirge har sai ya zama idan aka fadi lamba da sauri zaka iya rubuta ta ba tare da ka tsaya tunani ba, ka sa yaron shagonka ya rika kunna maka sautin lambobi kana rubutawa.

Sai kuma muryar kalma. Sinanci na da sauti hudu na hawa da sauka, kuma saye da sayarwa duk mai ne, saukar murya da hawanta ne kadai suka raba su. Kada wannan ya tsorata ka, Bahaushe ya riga ya saba, kukan yaro da bishiyar kuka ai da murya muke raba su ba tare da mun lura ba. Abun dai shine duk kalmar da zaka koya ka koye ta da sautinta daga bakin mai harshen, kada ka tsaya a rubutu.

Rukuni na biyu da mutane suke rainawa su ne kalmomin ceton kai. Ban gane ba, sake fada, yi a hankali, rubuta min a waya, me ake kiran wannan, dakata in kira tafinta. Basu fi a kirga da yatsu ba amma su ne suke hana hira mutuwa, kuma da su zaka rika karo sabbin kalmomi daga bakin mutane kai tsaye. Wani masanin koyon harsuna, Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington a kasar Niyuzilan, shi da abokin aikinsa sun fitar da jerin kalmomi da jimloli kusan 120 a 1991 wadanda suka ce sun ishi matafiyi ya fara rayuwa a bakuwar kasa, gaisuwa da ciniki da tambayar hanya da neman abinci da irin wadannan na ceton kai. Dari da ashirin fa, ka ga ba wani dutse bane.

Na uku cikinka da sallarka da lafiyarka. Ka san kalmar halal a wurinsu, qingzhen, ka kuma rike siffar rubutunta don zaka gan ta a jikin gidajen abincin Musulmi, ka iya cewa bana cin naman alade, ina masallaci, ina da zazzabi, cikina na ciwo, kai ni wannan otal din. A birnin Guangzhou unguwar Xiaobei ce matattarar 'yan kasuwar Afirka kuma akwai gidajen abincin Musulmi sosai, ga masallacin Huaisheng wanda yana cikin mafiya dadewa a kasar baki daya. Mutanen garin Kantonis ne harshensu na gado amma kai ka tsaya a Mandarin, wato Sinancin gama gari, da shi zaka yi ciniki a can da birnin Yiwu da duk inda ka shiga.

Ban ce ka goge manhajar ba. Akwai kananan kalmomi da basa cikin wani fanni amma babu jimlar da take tsayuwa ba su, ina so, akwai, babu, zan iya, wannan, wancan, gobe, amma, saboda, kuma wadannan manhaja tana koyar da su da kyau. A Turanci an auna an ga kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna daukar kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum, kowane harshe kuma yana da irin nasa 'yan kalmomin da suke ta dawowa. A tsohon tsarin jarabawar Sinanci ta HSK matakin farko kalmomi 150 ne kacal, ka nemi wannan jerin ka hada da littafin shagonka, sun ishe ka farawa.

Wani kuskure da ake yawan yi, kuma littattafai da yawa ne suke jawo shi, shine a jero launuka duka ko ranakun mako duka ko sunayen 'yan uwa duka a zama daya. Wani bincike da Thomas Tinkham ya yi a 1993 ya nuna kalmomin da suka yi kama da juna a ma'ana sun fi wuyar rikewa idan aka koye su tare, rikicewa suke yi a kai. Gara ka koya ta hanyar yanayi, yau yanayin taya kaya, jimla biyar ko shida da suke bin juna, gobe yanayin korafi kan kayan da suka zo a fashe. Baki da fari zasu shigo da kansu ranar da kake zaben launin fitila. Kuma ka rika waiwayar na jiya da na shekaranjiya kafin ka kara sabo, tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna yawancin mantuwa a farko farko take faruwa, manhajar Anki kyauta ce a Android kuma aikinta kenan, dawo maka da kalma kafin ta gudu.

Baje kolin Kanton da ake yi a Guangzhou sau biyu ake yinsa a shekara, a fara a watan Afrilu da kuma Oktoba, ka zabi daya ka sa shi a gaba a matsayin wa'adi. Amma Alhaji duk yadda bakinka ya bude, ranar sa hannu a takardar kwantena ka dauki tafinta amintacce, Sinancin 'yan watanni na gaisuwa da taya kaya ne, bai kai na yarjejeniyar miliyoyi ba.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce ina zaune a Kubwa, Abuja, na fara koyon Faransanci don ina sha'awar neman aiki a ECOWAS. Malamarmu tana ta bamu sunayen kayan kicin da tufafi, ni kuma gani nake bata min lokaci ake yi. In bar ajin ne?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, kada ki bar aji. Ke lamarinki ya bambanta da na Alhajin sama, shi baki kawai yake bukata, ke kuma takardar shaida za a nema a hannunki, kuma jarabawar Faransanci irin DELF a matakanta na farko, A1 da A2, rayuwar yau da kullum take tambaya, gida da kasuwa da abinci da iyali, don haka kayan kicin din nan suna da ranarsu. Abun da zaki kara da kanki shine kalmomin ofis, taro, ajanda, rahoto, kasafi, wa'adi, yadda ake bude wasika da rufe ta, yadda ake neman uzuri a waya. Ga hanya mai sauki, ECOWAS da Turanci da Faransanci da Fotugis take aiki, sanarwa daya takan fito da harsuna biyu ko uku, ki dauko ta Turanci da ta Faransanci ki ajiye gefe da gefe, duk kalmar da kika ga ta dawo sau uku ki rubuta ta. RFI ma tana da labaran duniya da saukakken Faransanci, minti goma ne, ki rika ji a mota kafin ki iso sakatariya, cunkoson hanyar Kubwa da safe ai ya isa darasi.

Abu biyu ki kula da su tun yanzu. Kowane suna ki rike shi da le ko la dinsa, wato alamar namiji ko mace, kada ki dogara da Hausa, mu rana mace ce wata namiji, su kuma sun juya, rana namiji wata mace. Sai lambobi daga 70 zuwa 99, saba'in a wurinsu sittin da goma ne, tamanin ashirin sau hudu, casa'in ashirin sau hudu da goma, mai aikin kasafi ko rubuta lambar waya dole wadannan su zauna mata daram.

TAMBAYA: Malam mahaifina ne zai tafi aikin Hajji bana daga Jos, yana da karatun allo da na littattafai amma bai taba hira da Larabci ba. Me zan koya masa kafin tafiya?

AMSA: Allah ya kai Baba lafiya ya dawo mana da shi lafiya, ya karbi ibada. Kada ka dora masa kaya da yawa dana, abun da tsoho ya fi bukata a can shine abun da zai fada idan ya bace ko jiki ya motsa. Sunan masaukinsa da unguwar, lambar tantinsu a Mina, sunan kofar da ya shiga Harami ta ita kamar kofar Sarki Abdul'aziz ko ta Sarki Fahad, sannan na bace, ina hanya, dama, hagu, ina da hawan jini, ina da ciwon suga, ga maganin da nake sha. Ka rubuta masa su a kati da Larabci ya rataya tare da katin shaidarsa.

Larabcin littafi da ya sani za a gane shi idan ya yi, amsar ce zata zo masa da na kasuwa, ruwa moya zai ji, ina kuma fen ko wen, nawa ne bikam, wadannan ukun ka saba masa da su. Kirge bazai ba shi wuya ba tunda ishirin da talatin da arba'in har tamanin daga can muka aro su, sai dai ka tuna masa lambobin da ake rubutawa a jikin motoci da dakuna, biyar dinsu da'ira ce kamar sifilinmu, sifili kuma digo ne kawai, kada ya duba daki na 50 ya karanta wani abu daban. Ka zauna da shi bayan magariba kuna yi kamar wasa, kai ne dan sanda shi ne alhajin da ya bace, har sai amsar tana fito masa ba tare da ya duba katin ba.