Tambayi Likita: sikanin, gashin ciwon daji da sabon maganin sikila

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk akan injinan asibiti ne da sabbin magungunan da ake ta yaɗawa a waya, sai na haɗa su waje ɗaya, tunda yawancin kayan nan ba likita kaɗai ya samar da su ba, akwai hannun masu fiziks da masu kwamfuta da masu ilimin halittu a ciki. Masu tambayar hawan jini da suga ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in sha Allahu.

Tambaya daga wata Hajiya a Tudun Wada: Likita 'yata nada ciki wata shida an mata sikanin har sau uku, uwar mijinta tace hasken zai ƙona yaron. Kuma maigidana an ce yayi MRI saboda ciwon baya ya ƙi zuwa wai yana rage kwana. Dan Allah gaskiya ne?

Hajiya ki kwantar da hankalinki, sikanin ɗin masu ciki babu wani haske a cikinsa kwata-kwata, sauti ne. Wannan ɗan abin da ake shafa wa mai sanyi a ɗora akan ciki yana tura sautin da kunnen mutum baya ji, sautin ya bugi jikin jaririn ya dawo, kwamfuta kuma ta lissafa tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo ta zana hoto. Da shi muke gane kwanciyar yaro da inda mabiyiya take da ko tagwaye ne, kuma wallahi sanin inda mabiyiya take kaɗai ya ceci mata da yawa daga zubar jini ranar haihuwa. Ki lallaɓa surukar taku cikin girmamawa ki mata bayani, tsoronta na kaka ne.

Inda ake maganar haske shi ne eksire da CT. Eksire tsohon abu ne, wani Bajamushe masanin fiziks Wilhelm Röntgen ya gano shi a 1895. CT kuma eksire ne da ke zagaya mutum yana ɗauka ta kowane gefe, kwamfuta ta harhaɗa ta fito da jiki yanka-yanka kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, ka ɗauki kowane yanki ka duba cikinsa. Wanda ya ƙera shi Godfrey Hounsfield injiniya ne a Ingila ba likita ba, an fara gwadawa akan mara lafiya a 1971. Hasken CT ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa shi yasa bama rubuta shi haka kawai dan mutum yana da kuɗi, kuma mai ciki lallai ta faɗa kafin a mata ko da ba a tambaye ta ba.

Shi kuwa MRI da Alhaji ke gudu maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, babu eksire a ciki. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, injin yana aiki da sinadarin haidurojin da ke cikin ruwan nan, ya tura igiyar rediyo ya saurari abinda ya dawo, kuma babu abinda ya kai shi nuna laka da jijiyoyin baya da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan. Abin kiyayewa ƙarfe ne. A cire agogo da zobe da makulli da katin ATM, mata su cire 'yan kunne da fil ɗin hijabi su goge kwalli. In an taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi ko batirin zuciya ko wani ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ya gaya musu tun a bakin ƙofa. Zai kwanta kamar rabin awa a cikin rami mai ɗan matsi kuma injin akwai ƙara sosai, za su bashi abin toshe kunne. Iyakar wahalar kenan, baya rage wa kowa kwana.

Tambaya daga wani magidanci a Sabon Gari: Yarana biyu sikila ne. Na gani a Facebook wai Turawa sun samo maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya. A ina ake saidawa? Ko gida zan sayar.

Malam tambayarka ta taɓa min zuciya, Allah ya baiwa yaran lafiya ya saka muku da alheri kai da mahaifiyarsu. Labarin gaskiya ne, amma kar ka sayar da gidanka. Sunan maganin Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023 Amurka ta biyo baya a Disamba. Ba ƙwaya bace ba kuma allurar da za ka samu a kemis ba. An gina shi ne akan wata dabara da ake kira CRISPR wadda ke iya yanka DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a daidai wurin da ake so, matan nan biyu Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier da ita suka ci kyautar Nobel a 2020.

Ga yadda abin yake. Jariri a ciki yana da wani irin jini na daban da baya lanƙwashewa, shi yasa zaka ga yaro mai sikila lafiya lau a watannin farko sai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura, lokacin jiki ya kashe wancan jinin na jarirai ya koma na manya. Toh sai masana suka gano makunnin da ke kashe shi. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke ƙera jini daga jikin mara lafiyan, a kai ɗakin gwaji a lalata makunnin, a bashi kemo, irin maganin da ake ba masu ciwon daji, mai ƙarfi ya share tsohon ɓargonsa, sannan a mayar masa da nasa ƙwayoyin da aka gyara su cigaba da yin jinin jarirai. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda babu tashin ciwo mai tsanani. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, biliyoyin naira kenan, ga makonni a kwance a asibiti, ga kemon na iya hana haihuwa. Abin na min ciwo ƙwarai, Najeriya ce tafi kowace ƙasa masu sikila a duniya, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 duk shekara, amma maganin yana can inda hannunmu baya kaiwa. Duk wanda ya ce maka yana da shi a kwalba ko zai turo maka ta waya ɗan damfara ne.

Abinda ke hannunka yau shi ne hydroxyurea, shima aikinsa ƙara wannan jinin na jarirai ne, yana rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini, kuma binciken da aka yi nan kusa a Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Sai dai ba a sha da ka, sai likita ya auna nauyin yaro yana kuma duba jininsa lokaci lokaci. Ka kai su kilinik ɗin sikila ka tambayi wannan, ka tambayi sikanin ɗin jijiyoyin kai da ake wa yara daga shekara 2 zuwa 16. Folik asid, maganin kariyar maleriya, gidan sauro, ruwa da yawa, ga hunturun Zariya a rufe musu jiki da safa tun asuba. Zazzaɓi kuma kar a kwana da shi a gida. In sun girma a musu maganar gwajin jinotaif kafin soyayya tayi nisa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Likita ni yanzu in na karɓo sakamakon gwaji ChatGPT nake turawa ya fassara min. Akwai matsala? Kuma wai AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta irin ta ChatGPT, zai karɓe aikinku?

Ƙanena dan ka fahimci kalmomin da ke takardar ba laifi, amma kar ka sayi magani da abinda ya gaya maka. Baya ganin idonka ko yayi ɗorawa, baya taɓa cikinka, kuma in ya kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa yake faɗa. Gwajin Widal misali, mutane da yawa a nan zai nuna musu wani abu alhali babu taifot a jikinsu, sai an haɗa da yanayin mutum.

Amma inda aka horar da kwamfuta akan aiki guda ɗaya tana abin mamaki. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da manhajar da ke karanta hoton ƙirji dan zaƙulo masu tarin fuka, wannan alheri ne ga ƙauyen da babu ƙwararren mai karanta hoto. Akwai kuma AlphaFold na kamfanin DeepMind da ke hasashen siffar furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gina jiki suna gudanar da ayyukansa, aikin da a da ɗalibin digirin digirgir zai iya ƙare shekarunsa akan guda ɗaya, yanzu sun fitar da sama da miliyan 200 kyauta, har Demis Hassabis da John Jumper suka samu Nobel a 2024, kuma sanin siffar furotin babban mataki ne wajen ƙera maganin da zai kama shi. In fiziks ko kwamfuta kake karantawa ka riƙe da kyau asibiti na buƙatarka, kuma kar ka ɗauka abin na Turai ne kaɗai, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da injin nukiliya na bincike da ke aiki tun 2004 nan kusa da kai.

Tambaya daga Ƙofar Doka: Ina tari sama da wata ɗaya da zufar dare, na sha maganin tari kala-kala.

Ɗan'uwa daina siyan maganin tari, tarin da ya wuce sati biyu gwajin kaki ake masa. Akwai injin GeneXpert da ke neman DNA ɗin ƙwayar tarin fuka ya bada amsa cikin kamar awa biyu, har ya faɗa ko mai jin magani ce ko mai taurin kai. Ka je cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye ko asibitin gwamnati mafi kusa, magani kyauta ne na wata shida, kuma a duba yaran da kuke kwana ɗaki ɗaya.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Jushi: An yi wa mahaifiyata aikin ciwon dajin nono yanzu an ce sai gashi. 'Yan uwa sun ce wuta ce, kuma in an mata kar jikoki su matso kusa da ita.

Allah ya baiwa Mama lafiya ya sa kaffara ne. Sunan ne ke tsorata mutane, babu garwashi babu zafi lokacin da ake yi, bata ma jin komai. Haske ne irin na eksire amma mai ƙarfi sosai da ake saitawa akan wurin dan ya lalata ragowar ƙwayoyin dajin da ido baya gani. Kafin a fara ana ɗaukar hoton wurin, likita ya zana inda ake so, masanin fiziks na asibiti ya zauna da kwamfuta ya lissafa ta inda hasken zai shiga yadda zai kauce wa zuciya da huhu gwargwadon iko. Asibitin koyarwa na Shika na da sashen wannan aikin, likitanta zai gaya muku inda ya fi dacewa ku je.

Irin wanda ake yi daga waje, da an kashe injin shikenan babu abinda ya rage a jikinta, ta ɗauki jikokinta ta goya su ta ci abinci kwano ɗaya da kowa, dan Allah kar a ware mata ɗaki ko kofi. Akwai wasu nau'o'in daban da ake sa abin a cikin jiki ko a sha, su ne ke da dokar nesantar yara na 'yan kwanaki, kuma in shi za a yi sai an gaya muku ƙarara.

Yawanci Litinin zuwa Juma'a ake zuwa na wasu makonni, kowane zuwa 'yan mintuna ne, wahalar tana wajen zirga-zirga da gajiya dan haka ku tsara wanda zai dinga raka ta tun yanzu. Za su yi mata 'yan alamomi a fata, kar ta dirje su wajen wanka. Fatar wurin zata iya yin duhu ko ta ɗan saɓule, kar a shafa man zafi ko turare ko a gasa da ruwan zafi, riga mai laushi mara matsi, kuma a tambayi nas irin man da ya dace. Kar a tsallake rana dan ta ji sauƙi ko dan wani ya kawo sassaƙe, in akwai abinda take sha na gargajiya ku tafi da shi ranar farko ku nuna wa likitan.