Kanwa Uwar Gami ko Sinadarin Zuga?

Wata ɗaliba mai karatun kimiyya daga Tudun Wada ta rubuto: "Malam, akwai sinadarin da idan rana ta haska shi yakan wanke gurɓataccen ruwa, har ya fitar da iskar haidurojin, shi kuwa ba ya ƙarewa. Zan iya kiransa kanwa uwar gami?"

'Yata, kin yi kusa, amma ban goyi baya ba. Kanwa takan sa wake ya nuna da wuri, sai dai narkewa take yi a tukunya, a cinye ta tare da waken. Kuma Bahaushe ba ya kiran mutumin kirki kanwa uwar gami; mai haɗa husuma ake jifa da wannan suna.

Ni da "sinadarin zuga" zan ce. Maƙeri yana zuga wuta da zugazugi, ƙarfe ya yi ja, zugazugin na nan yadda yake, gobe a sake ɗaukarsa. Haka sinadarin da kike tambaya a kai yake, wani farin gari mai suna titaniyom dayoksaid, wanda ake sawa a farin fenti. A 1972 Fujishima da Honda na ƙasar Japan suka nuna cewa idan haske ya sauka a kansa yana iya raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin. Ƙarfin nan ne kuma yake farfasa rini da ƙwayoyin cuta a cikin ruwa. Cikas ɗinsa, hasken da yake amfani da shi, irin wanda ido ba ya gani, bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masana ke ta gauraya shi da wasu sinadarai don ya ci moriyar sauran.

Wani magidanci daga Kakuri kuma ya tambaya ko "ruwa ba ya tsami banza" ya shafi ruwan sha. Malam, karin maganar na nufin komai da sanadinsa, galibi kuma a kan ɓacin zumunci ake faɗarta. Amma a unguwarku ta hau daidai ko ba a karya harshe ba. Tun 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya, ruwan rini kuwa ya riƙa bin magudanai yana gangarawa kogin Kaduna. Irin wannan ruwan masu launi ne masana suka fi gwada sinadarin zuga a kansa.