Tambaya da Amsa: Ashwagandhan nan da ake yayi, me Indiyawa ke yi da ita tun asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina son bayani kan ashwagandhan nan da ake ta talla a Facebook da TikTok, wasu su ce maganin bacci ce wasu su ce ta ƙarfin maza ce, ni dai matsalata bana samun bacci sosai kuma kullum a gajiye nake tashi. Zata min amfani kuwa?
Daga wani magidanci

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya ƙara lafiya. Ashwagandha wata ƴar bishiya ce gajera, dangin tumatir da gauta, ƴaƴanta ƙanana ne jajaye a cikin ɗan ɓawo mai kama da takarda, masana tsirrai na kiranta Withania somnifera. An fi nomanta a Indiya musamman jihohin Madhya Pradesh da Rajasthan saboda tana son busasshiyar ƙasa. Saiwar ita ce maganin, kuma in ka shinshina ɗanyarta warin doki take yi, ba wani daɗi gareta ba gaskiya.

A tsarin maganin gargajiyarsu na Ayurveda suna sa ta ne a rukunin da suke cewa rasayana, wato magungunan gina jiki da ake sha a hankali. Su shanya saiwar su daka, a ɗebi garin kamar giram 3 zuwa 6 a dama a madara mai ɗumi, wani ya sa zuma ko man shanu, yawanci da daddare. Kuma wa suke ba? Tsoho da ƙarfinsa ya ragu, wanda ya tashi daga doguwar jinya ya rame, mai ciwon gaɓoɓi, mai yawan tunani da bacci ke ƙaurace masa, sai kuma namiji mai raunin jiki ko ƙarancin maniyyi. Ganyen kuma ɗumama shi suke su ɗora a kan maruru ko kumburi. Kaga kenan maganar ƙarfin mazan tana ciki amma ba irin wacce masu talla ke nufi ba ta a sha yanzu a ga aiki anjima, su a wajensu abu ne na makonni, jiki ya murmure tukuna sauran su biyo baya.

Batun baccinka kuwa nan ne ma binciken zamani ya ɗan goyi bayan na gargajiya, an gwada ta a kan mutane ana basu tataccen sinadarinta kamar miligiram 300 zuwa 600 a rana na tsawon sati 6 zuwa 12, da yawa sun samu sauƙin damuwa bacci ma ya ɗan gyaru, sai dai mutanen da aka gwada ba su da yawa kuma gyaran ba wani na a zo a gani bane. Ni abinda yafi damuna shine gajiyar nan taka ta kullum, ƙarancin jini na kawo ta, ciwon suga na kawo ta, haka matsalar tayiroyid ɗin nan da ke maƙogwaro, to ka fara zuwa a duba jininka kafin ka kashe kuɗi a kafso.

Tambaya: Malam ina da ciki wata uku, wata ƙawata ta bani garin tace yana sa natsuwa, in sha?
Daga wata baiwar Allah

Amsa: A'a hajiya, ajiye shi. An daɗe ana danganta ta da zubar da ciki, wannan da kuma tasirinta kan sinadaran jiki ne ma yasa ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Mai shayarwa ma kada ta sha. Ki faɗa wa likitarki rashin natsuwar in kin je awo. Allah ya sauke ki lafiya.

Tambaya: Tunda ganye ne ai ba illa ko? Na kusa wata biyar ina shan kafso ɗin kullum.
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ɗan uwa wannan magana ta "ai ganye ne" ta kwantar da mutane da yawa. Kafso ɗin da kake sha ba ɗaya yake da garin da tsohuwa ke damawa jikanta a Indiya ba, an tace shi ne an tattara sinadaran da ake kira withanolides, wasu kamfanonin har ganyen suke haɗawa alhali a gargajiyance saiwa aka fi sha. Iya abinda bincike ya nuna yawanci ba ya cutarwa bai wuce shan wata 3 ba, kai kuma ka zarce, don haka ka dakata haka nan. Likitoci a Amurka da Ayislan sun samu mutanen da ta taɓa musu hanta, ido ya yi ɗorawa fitsari ya yi duhu ga ƙaiƙayin jiki, yawanci sun warke bayan sun daina, in kaga ko ɗaya daga cikin alamun nan kada ka jira gobe ka wuce asibiti. Tana iya ɓata ciki ko sa gudawa da kasala, kuma mai shan maganin suga ko na hawan jini ko na bacci ko na tayiroyid ya tambayi likita tukuna domin tana iya ƙara wa magungunan ƙarfi, wanda za a yi wa tiyata shima ya daina tun saura sati 2 kuma ya sanar da likitan cewa ya sha.