Turakun ƙarfe da waya a wurin da za a gina dam

Tambaya: Malam, za a yi mana ƙaramar madatsar ruwa a ƙauyenmu. Injiniyoyi sun zo sun kafa turakun ƙarfe a jere, sun ja waya zuwa wani akwati, sun yini suna rubuta lambobi. Me suke aunawa, kuma wannan ya isa a fara gini?
Wani mai karatu daga Kazaure

Amsa: Malam, abin da ka gani shi ne awon turjiyar ƙasa ga lantarki. Turaku huɗu ne ke aiki a kowane awo. Biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna bambancin ƙarfin lantarki da ke tsakaninsu. Daga nan a lissafa turjiyar da ma'aunin da ake kira ohm-mita. Yumɓu mai danshi yakan ba da ƙasa da 100, sau da yawa ma ƙasa da 20, alhali lafiyayyen dutsen giranit irin na yankin Kano da Kazaure yakan haura dubu. Gwargwadon yadda aka buɗa tazarar turakun gefe, gwargwadon zurfin da ake gani, kuma a tsarin jera turaku da ake kira Schlumberger zurfin kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tazarar. Tazarar mita 200 za ta leƙa kamar mita 40.

Abu uku ake nema: zurfin da lafiyayyen dutse yake, kaurin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, da tsagar da ruwa zai bi ta ƙarƙashin bangon dam. Na ukun shi ne mai kashe dam. Ruwa ya samu hanya sai ya riƙa kwashe ƙasa kaɗan-kaɗan har rami ya buɗe. Shi ya sa awo a wuri ɗaya ko biyu bai wadatar ba. A ja layi bisa inda bangon zai zauna, ya zarce har kan tudun gefe biyu, a ƙara wasu a sama da ƙasan rafi. Na'urorin yanzu irin su ABEM Terrameter suna ɗaukar turaku 64, idan aka jera su a tazarar mita 5 layin ya kai mita 315.

Inda ake yin kuskure kuwa, da rani marmara takan bushe ƙamas, lantarki ya ƙi shiga, dole a zuba ruwan gishiri a gindin kowane turke. Bututun ƙarfe da aka binne ko wayar shinge kusa da layi suna jawo lantarkin, sai su nuna kamar akwai ruwa alhali babu.

Amma babbar matsalar ita ce lamba ɗaya na iya nufin abu biyu. Ƙaramar turjiya ko dai yumɓu ne, wanda ke riƙe ruwa kuma ana maraba da shi, ko kuwa tsaga ce cike da ruwa. Awon turjiya shi kaɗai ba ya rarrabe su. Don haka amsar tambayarka ta biyu a'a ce. Awon yana nuna inda za a haƙa ne, sannan a huda ramukan gwaji a wuraren da ake zargi, a ciro dutsen a duba, a matsa ruwa cikin ramin a ga nawa ya shanye. Ku tambayi injiniyoyin rami nawa za su huda, kuma a ina.