Barista, an ce mu kwance jirginmu daga gaɓa

Tambaya: Barista barka da aiki. Ni Basarke ne, ni da iyalina cikin jirgi muke kwana a wata gaɓa kusa da Yauri, tun zamanin babanmu nan muke ɗaure jirgi, nan muke bandar kifi. Yanzu wani alhaji ya zo wai ya sayi fadamar zai noma shinkafa, ya ce in ba mu tashi ba zai sa 'yan banga su ɗauke jirgin har da injin. Mi doka ta ce?

Amsa: Toh Malam, bari in fara da mai ɗacin. Ɗaure jirgi a wuri komai daɗewa ba shi kaɗai ke ba ka mallakar gaɓa ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke bada izinin riƙe fili. Amma in kuna da bukka a tudun ko kuna ɗan noma wurin tun kafin 1978, wannan hujja ce mai ƙarfi, ka nemo dattawan da za su shaida.

Shi kuma alhajin naku kada kurinsa ya tsorata ka, don shi ma ba lallai ne ya taka ƙasa mai tauri ba. Kogin Neja ƙarƙashin gwamnatin tarayya yake, kuma dokar da ta kafa NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, a 1997 ta sa mita 100 daga bakin ruwa a hannun hukumar, a Janairun 2024 ma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon tarayya kan hanyoyin ruwa a shari'ar NIWA da jihar Legas. Kenan in wurin da kuke ɗaure jirgi yana cikin mita ɗarin nan, wa ya sayar mai, da wane iko? Ka ce ya fiddo takarda. Sau da yawa abin da ake fiddowa 'yar yarjejeniyar ciniki ce da sa hannun shaidu biyu, shikenan. Sai dai fa ka sani, in ka kira NIWA kai ma za su tambaye ka rajistar jirgi da rigunan kariya daga nutsewa, tun hatsarin jirgin ruwa na Warrah a 2021 magana ta yi zafi a kan wannan, gara ka gyara naka tukuna.

Batun ƙwace jirgi kuwa babu shi sam. Jirgin nan dukiyarka ce, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar doka, gwamnati ma kenan balle ɗan banga. Ko da filin nashi ne halak malak, kotu zai je ya samo umarni. In suka taɓa jirgin ko injin ko taru, laifi ne, ka kai rahoto caji ofis, ka ɗauki hoto da waya. In kuma kai aka sa a kama, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba.

Ni dai da za ka ji tawa, kar ka fara da kotu, kuɗi da lokaci take ci kuma ruwa ba ya jiran ranar zama. Ku haɗu ku duka masu kwana a gaɓar, ku je wurin sarkin ruwa ya kai ku ga hakimi, in ta ƙi a wuce masarautar Yauri. Duk abin da aka sasanta a rubuta, a faɗi daga ina zuwa ina ne mashigar jirage, kowa ya sa hannu a buga hatimi. In sulhu ya gagara lauya zai iya neman babbar kotu ta dakatar da shi har a gama shari'a, in ba hali akwai ofishin Legal Aid a Birnin Kebbi, suna tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Rasit ɗin inji da shaidar maƙerin jirgin, ka ɗauke su hoto, asalin kuma ka ajiye wurin ɗan'uwa a tudu, kar ka bar su cikin jirgi.