Me yasa oba-obar sojoji take aiki a inda babu sabis?

Ɗan uwa kace kaga sojoji a hanyar Gumel suna magana da oba-oba a inda wayarka ko sanda ɗaya babu, wai ko asiri ne. Ba wani asiri wallahi, amfilifaya ce. Kasan muryar ladan bata wuce zaure, amma in ta bi ta amfilifaya ta fito a lasifika har kana gona sai ka jiyo? To haka ne, saidai ita wannan siginar rediyo take ƙarawa ƙarfi kafin ta fita ta eriya. Ƙarfin siginar wayarka bai wuce wat 2 ba kuma dole sai da ƙarfen sabis, ta hannun soja kamar wat 5 ce, ta jikin mota kuwa har 50, kuma kai tsaye suke jin juna.

Matsalar amfilifayar zafi da shan batir, shi yasa zakaga jikinta da haƙarƙarin ƙarfe irin na injin babur. Sababbin da sinadarin gallium nitride ake yinsu saboda jure zafi, su ake sawa a rada (na'urar hango jirage daga nesa) da na'urar toshe siginar bam ɗin da ake tayarwa da waya.