Kowane Bayahude ɗan Isra'ila ne?

Tambaya: Malam, gardama ta kaure a teburin mai shayi a Aboabo. Wani ya ce duk Bayahuden duniya ɗan Isra'ila ne, kuma bakinsu ɗaya da gwamnatinta. Haka ne? Daga wani tela, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, mutumin naku ya yi kuɗin goro. Ni fataucin goro ne ya kawo kakana Kumasi daga Kano, har gobe muna aika gaisuwa, amma fasfona na Gana ne. To, Bayahuden Amurka ko Faransa ma ɗan ƙasarsa ne, ba ya jefa ƙuri'a a Isra'ila.

Sai dai akwai bambanci babba. An kafa Isra'ila a 1948, a 1950 ta yi dokar da ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, a 1970 aka haɗa da 'ya'ya da jikoki. A 1991 an kwashe Yahudawan Habasha fiye da 14,000 ta jirgin sama zuwa Isra'ila cikin kwana biyu. Duk da haka miliyoyi sun yi zamansu a Amurka.

Batun baki ɗaya kuwa, ina! Da yawa suna ƙaunar ƙasar, suna aika kuɗi, ƙungiyar AIPAC tana kare muradunta a Washington. Wasu suna ƙaunarta amma suna sukar gwamnatinta kan Falasɗinawa. 'Yan ɗarikar Satmar, wasu Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, ma cewa suke kafa ƙasar kafin zuwan Almasihun da Yahudawa ke jira saɓa wa addini ne.